Shekara 6,000 ko biliyan 4.5? Muhawarar shekarun duniya da ta iso majami'un Ƙaraye da Rogo

Ɗalibin ajin ƙarshe na sakandare da ya fito daga gidan Kirista a yankin Kwanyawa, ko wani ƙauye a ƙananan hukumomin Ƙaraye da Rogo, yana jin labarin asalin duniya sau biyu a mako guda.

Ranar Lahadi a majami'a ana karanta masa Littafin Farawa, inda Allah ya halicci sama da ƙasa cikin kwana shida. Ranar Litinin malamin bayoloji zai rubuta sunan Lamarck da Darwin a allo, domin juyin halitta yana cikin manhajar WAEC da NECO da JAMB, kuma duk mai son karatun likita ko aikin jinya sai ya bi ta nan.

A da yaro yakan haddace wannan don jarrabawa, ya riƙe wancan don ibada, a wuce wurin. Wayar hannu ta sauya lissafin. Yanzu bidiyon masu wa'azin Amurka yana yawo a WhatsApp da Facebook yana cewa duniya ba ta wuce shekara 6,000 ba, kuma duk wanda ya yarda da malamin kimiyya ya ƙaryata Littafi Mai Tsarki.

Shin dole ne yaron ya zaɓi ɗaya? Tarihin muhawarar ya nuna cewa wannan tilas ɗin baƙo ne, kuma Kiristocin duniya kansu ba su haɗu a kansa ba.

Su wa abin ya shafa?

A yammacin jihar Kano, inda Rogo ta yi iyaka da Katsina da Kaduna, akwai Hausawa Kiristoci 'yan asalin wurin, mafi yawansu jikokin Maguzawa ne. Noma ne sana'arsu, da Hausa suke ibada, kuma cocin ECWA na cikin waɗanda suka fi ƙarfi a tsakaninsu.

ECWA ta samo asali daga ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka fara a 1893, ta kuma zama coci mai cin gashin kanta a 1954. Cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa ya fito a 1932. Wato al'umma ce da ta ginu a kan girmama nassi da karanta shi da harshen gida.

Shugabannin Kirista a Arewa mai nisa sun daɗe suna kukan ƙarancin malaman darasin addinin Kirista a makarantun gwamnati. Saboda haka idan yaro ya dawo da tambaya daga ajin kimiyya, fasto ko malamin makarantar Lahadi ne kawai zai amsa masa. Abin da suka gaya masa yana iya yanke hukunci a kan ko zai ci gaba da kimiyya da zuciya ɗaya, ko zai riƙa kallonta a matsayin abokiyar gaba.

Ina aka samo shekara 6,000?

Babu inda Littafi Mai Tsarki ya faɗi adadin shekarun duniya. Lissafi ne na mutane.

Wanda ya fi shahara shi ne na James Ussher, babban bishop a ƙasar Ayalan. A 1650 ya tara shekarun zuriyoyin da aka jera daga Adamu, ya haɗa da tarihin sarakuna, ya ce an yi halitta a shekara ta 4004 kafin haihuwar Almasihu. Daga 1701 aka fara buga wannan lamba a gefen shafin Littafi Mai Tsarki na Turanci, har mutane da yawa suka ɗauka tana cikin nassin.

Amma wasu Kiristocin sun yi lissafin sun samu wata amsa dabam. Cocin Otodoks na Habasha, wanda ya girmi cocin Ingila da ƙarnuka, yana ƙirga kimanin shekara 5,500 tsakanin halitta da zuwan Almasihu, domin tsohuwar fassarar Girkanci tana ɗauke da lambobi dabam da na Ibrananci. Bambancin ya kai shekara 1,500.

A 1890 kuma William Henry Green, malamin Tsohon Alkawari a Princeton wanda ba a taɓa zarginsa da sassauci a aƙida ba, ya nuna cewa jerin zuriyoyin yakan tsallake sunaye, don haka ba a rubuta shi don ƙirga shekaru ba. Bahaushe ma ya san wannan salo: idan aka kira mutum ɗan wane, ba lallai wane ne ya haife shi ba, yana iya zama kakan kakansa.

Me kimiyya ta ce, kuma ta yaya ta sani?

Masana ilimin duwatsu suna auna shekaru da wasu sinadarai da ke rikiɗa a hankali bisa ƙa'ida tabbatacciya. Yuraniyom, irin wanda ake haƙa a Arlit ta Nijar, yana komawa dalma sannu a hankali, kuma nau'insa mafi yawa yana ɗaukar kimanin shekara biliyan 4.5 kafin rabinsa ya rikiɗa. Idan aka auna yawan yuraniyom da dalmar da ke cikin ƙwayar dutse, sai a san tun yaushe ya daskare.

Da irin wannan hanya Clair Patterson ya fitar da shekarun duniya a 1956: kimanin biliyan 4.5. An sake gwadawa da wasu sinadaran a ɗakunan bincike na ƙasashe dabam-dabam, amsar ba ta kauce ba.

Ba sai an je Turai neman hujja ba. Ƙaraye da Rogo suna zaune ne a kan tsohon dutsen da ya shimfiɗe ƙarƙashin yawancin ƙasar Kano, wanda masu haƙa rijiyar burtsatse ke cin karo da shi. Duwatsun da ke leƙowa a gonakin yankin, yawancinsu ana ƙiyasta musu kimanin shekara miliyan 600. Duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, inda aka yi haƙar kuza, ƙannensu ne, amma su ma sun haura shekara miliyan 150.

A Sakkwato, farar ƙasar Kalambaina da ake yin siminti da ita cike take da burbushin halittun teku, domin teku ya taɓa rufe wurin. An ma samu ƙasusuwan wata ƙatuwar dabbar ruwa a yankin, aka raɗa mata suna Goronyosaurus saboda Goronyo. A Gadufawa ta hamadar Nijar an tono ƙasusuwan manyan dabbobin da ake kira dainaso, waɗanda suka rayu fiye da shekara miliyan 100 da suka wuce, kuma mai ziyartar gidan tarihi na Yamai zai iya ganin irinsu da idonsa.

Ko a tarihin ɗan Adam, lambar Ussher tana da matsala a nan gida. A 1987 wani makiyayi da ke haƙa rijiya a Dufuna, jihar Yobe, ya ci karo da wani kwalekwale a ƙarƙashin ƙasa. Gwaji ya nuna ya kai kimanin shekara 8,000. Wato akwai masassaƙa a yankin Yobe tun kusan shekara 2,000 kafin ranar da Ussher ya ce an halicci duniya.

Matsayi uku a cikin coci

Kiristoci sun kasu aƙalla gida uku a kan wannan batu, kuma kowane gida yana da masu ilimi da tsoron Allah.

Na farko su ne masu cewa duniya sabuwa ce. A wurinsu kwana shidan kwanaki ne na awa 24, shekarun duniya ba su wuce 6,000 zuwa 10,000 ba, kuma ruwan tufana na zamanin Nuhu ne ya binne ƙasusuwan da ake tonowa.

Ba daidai ba ne a raina damuwarsu. Suna cewa nassin ya ambaci maraice da safiya a kwanakin, kuma dokar Asabar ta dogara ne a kan mako na halitta. Suna kuma tambaya: idan dabbobi sun yi ta mutuwa miliyoyin shekaru kafin Adamu, yaya za a fahimci koyarwar Manzo Bulus cewa mutuwa ta shigo ta dalilin zunubi? Babban tsoronsu shi ne, idan aka sassauta a babi na ɗaya, ina za a tsaya?

Na biyu su ne masu cewa duniya tsohuwa ce, amma Allah ne ya halicci manyan jinsuna da ɗan Adam kai-tsaye. Suna nuni da cewa kalmar Ibrananci da aka fassara da kwana tana iya nufin zamani, kamar yadda Bahaushe ke cewa kwanakin baya alhali yana nufin shekaru. Suna kuma lura cewa a labarin kansa sai a kwana na huɗu aka yi rana da wata, to da me aka auna ukun farko?

Na uku su ne masu cewa juyin halitta gaskiya ne, kuma shi ne hanyar da Allah ya bi. Misalinsu shi ne jariri: likita zai iya bayyana yadda ya girma a ciki wata tara, amma wannan bai hana iyaye cewa Allah ne ya ba su ba. Francis Collins, likitan da ya jagoranci aikin karanta ƙwayoyin gadon ɗan Adam a Amurka, Kirista ne mai wannan ra'ayi.

Cocin Katolika ya buɗe wannan ƙofa tun 1950, lokacin da Fafaroma Pius na 12 ya ce ana iya binciken asalin jikin mutum ta wannan hanya, muddin an riƙe cewa Allah ne ke halittar rai kai-tsaye. Fafaroma John Paul na 2 ya ƙarfafa matsayin a 1996. Kuma wanda ya fara gabatar da ra'ayin cewa sararin samaniya yana faɗaɗa daga wani mafari, Georges Lemaître, limamin Katolika ne ɗan Beljiyam.

Wanne ne tsohon ra'ayi?

Mutane da yawa suna ɗauka cewa matsayi na farko shi ne na iyaye da kakanni, sauran kuwa sassauci ne na zamani. Tarihi bai goyi bayan wannan gaba ɗaya ba.

Gaskiya ne cewa kafin ilimin duwatsu ya bunƙasa, yawancin Kiristoci suna ɗaukar duniya 'yar shekara dubbai ce. Amma batun kwanakin tun da can akwai saɓani. Augustine, bishop ɗin Hippo a ƙasar Aljeriya ta yau, wanda ya rasu a shekara ta 430, bai ɗauki kwana shidan a matsayin kwanaki irin namu ba. Ya kuma gargaɗi Kiristoci kada su riƙa faɗin abin da masana suka san kuskure ne game da sama da ƙasa suna jingina shi ga nassi, domin hakan na sa a raina nassin. Ɗan Afirka ne, kuma ya faɗi haka fiye da shekara 1,400 kafin littafin Darwin na 1859.

A zamanin da 'yan mishan ke shigowa ƙasar Hausa, masu tsaurin aƙida da yawa a Amurka da Kanada sun yarda duniya tsohuwa ce. Littafi Mai Tsarki mai sharhin Scofield, wanda ya fito a 1909 ya kuma shahara a tsakaninsu, ya koyar da cewa akwai dogon zamani tsakanin aya ta ɗaya da ta biyu ta Farawa. William Jennings Bryan, wanda ya tsaya gaban kotu yana adawa da koyar da juyin halitta a shari'ar Scopes ta 1925 a jihar Tennessee, ya amsa a gaban jama'a cewa kwanakin suna iya zama dogayen zamuna.

Ra'ayin da ke yawo a wayoyi yau ya samu ƙarfi ne daga 1961, lokacin da John Whitcomb da Henry Morris suka fitar da littafinsu kan ruwan tufana, suna gina shi a kan ra'ayin George McCready Price na cocin Adventist. Daga baya Ken Ham da ƙungiyarsa ta Answers in Genesis suka buɗe gidan tarihin halitta a jihar Kentucky a 2007, da ƙaton jirgin Nuhu na baje koli a 2016.

Zafin muhawarar ma na Amurka ne. A can rigima ce ta kotu da siyasa kan abin da za a koyar a makarantun gwamnati: Kotun Ƙoli ta hana tilasta koyar da aƙidar halitta a ajin kimiyya a 1987, wata kotun ta sake yanke irin wannan hukunci a Dover a 2005. Idan bidiyon ya iso Rogo, yana zuwa ne da fushin wata rigimar da ba a nan aka fara ta ba.

Tambayoyi uku da ake cusawa a buhu ɗaya

Yawan ruɗanin yana zuwa ne daga haɗa abubuwan da ya kamata a raba.

Tambaya ta farko ita ce shekarun duniya. A nan hujjar kimiyya tana da ƙarfi ƙwarai, kuma da wannan ilimin ake neman man fetur a Kolmani, da ruwa da ma'adinai a ko'ina. Ana iya yarda da tsufan duniya ba tare da an ce komai kan Darwin ba.

Ta biyu ita ce ko halittu suna sauyawa. Wannan manomi da ma'aikacin asibiti sun gani. Kulorokwin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, har Najeriya ta sauya magani a 2005, saboda ƙwayoyin da suka jure su ne suka rayu suka hayayyafa. Haka maganin feshi ke daina aiki a kan ƙwari.

Sikila ma misali ce. Mai AS yana da kariya daga zazzaɓi mai tsanani, shi ya sa wannan gado ya yawaita a ƙasashen sauro, har kusan mutum ɗaya cikin huɗu a Najeriya yana ɗauke da shi. Dokar gwajin lafiya kafin aure da jihar Kano ta kafa a 2024 tana tsaye ne a kan wannan ilimin gado. Masu cewa duniya sabuwa ce ma sun yarda da irin wannan sauyi, sai dai suna cewa ba ya ƙetare iyakar jinsi, masana halittu kuma suna cewa ƙananan sauye-sauyen ne ke taruwa su zama manya idan zamani ya yi tsawo.

Ta uku ita ce asalin ɗan Adam, kuma nan ne ainihin wuyar take. Kimiyya ba ta ce biri ne ya haifi mutum ba. Abin da take cewa shi ne mutum da manyan birai sun haɗa tushe mai nisa, tana kafa hujja da ƙwayoyin gado da ƙasusuwa irin ƙoƙon kan Toumaï da aka samu a Chadi a 2001, mai kimanin shekara miliyan bakwai. Yadda za a haɗa wannan da Adamu da Hauwa'u da shigowar zunubi, malaman tauhidin Kirista suna kan muhawara a kai har yau, kuma duk wanda ya ce an gama ta bai faɗi gaskiya ba.

Akwai kuma abin da ba na kimiyya ba ne sam. Idan marubuci irin Richard Dawkins ya ce juyin halitta ya kawar da buƙatar Mahalicci, ra'ayinsa ne na falsafa. Babu na'urar da ke auna samuwar Allah ko rashinsa.

Darasi daga maƙwabta

Musulmin da ke zaune ajin ɗaya da wannan yaro shi ma yana da irin tambayar. Alƙur'ani ya ambaci kwana shida, amma malamai da yawa ba sa ganin matsala da tsufan duniya, inda suka fi tsayawa shi ne halittar Annabi Adamu kai-tsaye.

Arewa ta kuma ga inda tsoron ajin kimiyya zai iya kaiwa. A hirarsa da BBC a 2009, Muhammad Yusuf ya lissafa ka'idar Darwin, da cewa duniya ƙwallo ce, da bayanin yadda ruwan sama ke samuwa, cikin dalilan ƙin boko. Ba a kwatanta mai wa'azin da ke riƙe da shekara 6,000 da mai ɗaukar makami ba, tazarar tana da nisa. Darasin kawai shi ne, idan aka koya wa yara cewa makaranta tana yaƙi da imaninsu, makarantar ce ke fara yin asara, sannan al'umma ta biyo baya.

Abin da ke cikin haɗari

Ƙauyukan Ƙaraye da Rogo suna buƙatar ma'aikatan jinya, da malaman gona, da masu gwajin jini, da injiniyoyin ruwa da za su ci moriyar madatsar Challawa. Ga al'ummar da take 'yar tsiraru, karatu ne babbar hanyar samun murya.

Haɗarin fuska biyu ne. Yaron da aka gaya wa cewa masana duk maƙaryata ne yana iya guje wa kimiyya. Wanda kuma ya daure ya kai Jami'ar Bayero ko ta Ahmadu Bello, ya ga yadda ake auna dutse da idonsa, yana iya yanke cewa tunda an yi masa kuskure a wannan, to duk sauran ma haka ne. Wanda ya ɗaure imanin yaro da lambar Ussher ya ɗaure shi da igiyar da kwalekwalen Dufuna kaɗai ya isa ya tsinka.

Malamin bayoloji yana da nasa nauyin. Aikinsa ya koyar da hujja yadda take, ya bambance abin da aka tabbatar da abin da ake kan bincike, kada ya yi wa addinin kowa ba'a, kada kuma ya tsallake babin don gudun magana.

Fasto kuwa ba sai ya zama masanin duwatsu ba. Ya isa ya gaya wa matasa gaskiya cewa Kiristoci masu riƙon nassi sun kasu uku a kan wannan, ya faɗi nasa ra'ayin da dalilinsa, ya kuma bar ƙofar tambaya a buɗe. Makarantun horar da fastoci irin na Jos da Kagoro da Bukuru su ne wurin da ya kamata a fara wannan shiri, kuma a samar da bayanin da Hausa, domin yawancin abin da ke isa ƙauye yanzu fassarar ɓangare ɗaya ce.

Iyaye su ma suna da abin yi kafin su tura wa 'ya'yansu bidiyo: wa ya yi shi, a wace ƙasa, kuma ya ambaci cewa akwai wasu Kiristocin da suka saɓa masa? Idan bai ambata ba, rabin labarin ya bayar.